Bazarar Umbadda da Cikin da Ba Ya Kai Wata Tara

Littafin rajistar haihuwa na ungozoma a yammacin Umdurman yakan sauya kama da zarar watan Afrilu ya tsaya da ƙafarsa. A lokacin sanyi shafukan cike suke da haihuwar lafiya: ciki ya cika watanninsa, jariri ya zo da nauyinsa, uwa ta tashi ta sha kunu. Daga tsakiyar Afrilu kuwa zuwa ƙarshen Yuni sai rubutun gefen shafi ya yawaita. Naƙuda kafin lokaci. Faya ta fashe babu ciwo. Jariri ƙarami. Zazzaɓi, an tura asibiti. Na daɗe ina cika irin wannan littafi a Umbadda, kuma abin da idona ya gani ya tabbatar mini cewa zafin rana ga mai juna biyu ba yanayi ba ne kawai da za a ce ta yi haƙuri da shi. Yana shiga jininta, yana taɓa sinadaran da ke riƙe da cikin, yana kuma girgiza garkuwar jikinta.

Ni Bahaushiyar Sudan ce. Kakana ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a Mai Wurno kusa da Sinnar, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Guzuri ya ƙare, sai ya shiga noman auduga a Jazira, zango ya zama gida. Mahaifina ne ya dawo da mu Umdurman, inda yake gasa agashe, tsiren nan da Hausawa suka koya wa Sudan ci. Na koyi aikina a makarantar ungozomomi ta Umdurman, wadda Mabel Wolff ta buɗe a 1921, inda Batul Muhammad Isa da takwarorinta na farko suka koyar da matan da ba su iya karatu ba yadda za su gane magani ta ɗanɗano da ƙamshi. Daga can na fito da akwatin aiki da ƙahon sauraron zuciyar jariri, mutanen unguwa suka fara kirana daya.

Wanda bai san Umbadda ba zai ji an ce Umdurman a bakin Nilu take, ya zaci ruwa a wadace yake. Umbadda tana yamma, ta ba kogi baya, ta fuskanci hamada da duwatsun Markhiyat. Unguwanninta, da ake kira hara, lamba ake ba su. Ta kumbura ne da mutanen da wahala ta koro: farin 1984 ya zubo mutanen Kordofan da Darfur a Muwailih, yaƙin kudu da na tsaunukan Nuba suka ƙaro wasu, aka yanka filaye a Darus Salam can ƙuryar yamma. Gidajen na jar ƙasa ne, da yawa da rufin kwano, itatuwa kuwa sai ɗaiɗai. A unguwannin gefe famfo bai kai ba, sai mai karo ya zo da jakinsa da ganga ya sayar da ruwa. A Mayu da Yuni ma'aunin zafi yakan wuce digiri 41 kusan kullum, wata rana ya haura 45. Bango ya sha rana tun safe, da dare ya riƙa amayo ta. Kowa yakan fito da angareb, gadon igiya, tsakar gida ya kwanta, sai kuma habub ta taso da jar ƙura ta kora mutane cikin ɗakin da ya zama tanda.

A cikin wannan zafin ne matan da nake yi wa awo suke neman abinci. Wata tana gaban faranti mai zafi tun asuba tana shimfiɗa kisira. Wata tana soya gyaɗa cikin yashi. Wata tana dama gudugudu, furarmu ta gero. Wasu kuma suna zaune gaban gawayi a gefen Kasuwar Libiya suna sayar da shayi, irin matan da Awadiya Mahmud Koko ta haɗa cikin ƙungiya har duniya ta san da su. Ciki ba ya ba su hutu, domin in wuta ba ta kama a murhun sana'a ba, ta gida ma ba za ta kama ba.

Azumin 2018 ya faɗo a tsakiyar Mayu, a ganiyar zafi. Wata rana bayan la'asar aka aiko yaro a guje ya kira ni gidan wasu Hausawa 'yan uwanmu. Na tarar da yarinya mai cikin fari, wata bakwai da 'yan kwanaki, kwance a ƙarƙashin rumfa tana murƙususu. Cikin yana ƙullewa yana saki, yana ƙullewa yana saki. Leɓɓanta sun bushe, harshenta kamar an goge shi da tsumma, bugun jininta yana sauri. Na tambaye ta rabonta da fitsari. Ta ce, "Goggo, tun safe, kuma kaɗan ne, ja wur." Tun bayan sahur take gaban wuta tana yin kisirar sayarwa, da azumi a bakinta.

Na duba bakin mahaifa, na ji a rufe yake. Na ɗora ƙaho a cikinta, zuciyar jaririn tana gudu fiye da kima. Na ce a kawo ruwan randa. Surukarta ta ce, "Haba daya, saura kaɗan fa a sha ruwa, ki bari ta kai." Na ce, "Yaya, jikanki ba zai jira ladan ba." Na haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, na riƙa ba ta da kaɗan-kaɗan. Muka kwantar da ita ta ɓangaren hagu, muka jiƙa mayafi muka lulluɓa mata, ƙannenta suna fifita. Kafin isha ciwon ya fara ja da baya. Mijinta ya nemo rakasha, keke mai ƙafa uku, muka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa, da gari ya waye cikin ya kwanta lafiya. Ta haihu bayan Sallah da makonni, namiji, da nauyinsa.

Wata likitar mata da muka yi aiki tare ce ta warware mini abin da ya faru a jikin yarinyar nan, kuma daga baya na bi karatunsa da kaina. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar wake ba. Daga bayansa ne sinadarai biyu suke fita zuwa jini. Na ɗaya shi ne basofiresin, wanda ke gaya wa ƙoda ta riƙe ruwa idan jiki ya bushe, shi ya sa fitsari ke raguwa ya yi ja. Na biyu shi ne oksitosin, wanda kowace ungozoma ta sani, domin shi ne ke cikin allurar naƙuda. Su biyun kusan tagwaye ne: kowanne ƙwayoyin gini tara gare shi, biyu kacal suka bambanta su. Idan mai ciki ta bushe, basofiresin ya yi yawa, yana iya taɓa naman mahaifa ya sa shi murɗawa, jini kuma ya yi kauri, oksitosin da ke cikinsa ya ƙara ƙarfi. An gwada a dabbobi an ga zafi mai tsanani yana ƙara waɗannan sinadarai tare da furostagilandin, wanda ke tausasa bakin mahaifa. Ke nan ƙishirwar uwa tana iya aika wa mahaifa saƙon da bai kamata ya iso ba sai nan da wata biyu.

Mai ciki tun asali ta fi kowa zafi a gidan. Jikinta yana ƙona abinci domin mutum biyu. Jaririn da ke cikinta ya fi ta ɗumi da kusan rabin digiri, kuma yawancin zafinsa ta mabiyiya yake fita zuwa jinin uwa. Ruwan jininta yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma a ƙarshen ciki fiye da rabin lita na jini ke ratsa mahaifa kowane minti. Jikin mutum kuwa yana sanyaya kansa ne yadda randar ƙasa ke yi: tana tsattsafo da ruwa ta bayanta, iska ta busar, na ciki ya yi sanyi, amma ruwan yana raguwa, in ba a ƙara ba sai a tarar da ita rabi. Idan zafi ya yi tsanani jiki yakan tura jini mai yawa zuwa fata domin gumi, wanda ke zuwa mahaifa ya ragu. Rana ɗaya jariri zai iya jurewa. In abin ya zama na kullum, wata da watanni, sai girmansa ya tsaya. Masu binciken dabbobi sun daɗe da sanin cewa tunkiyar da ta yi ciki a ɗaki mai zafi takan haifi ɗan rago ƙarami da ƙaramar mabiyiya.

Abin da kunnena ya ji a ƙaho, wasu sun auna shi da na'ura. A ƙasar Gambiya, a yankin Kiang ta Yamma, likita Ana Bonell da abokan aikinta sun bi mata manoma 92 masu juna biyu har gonakinsu, suna auna zuciyar jarirai da gudun jini a cibiya. A rahoton da suka fitar a 2022 sun nuna cewa duk ƙarin digiri ɗaya na matsin zafi yana ƙara alamun wahala a jikin jariri da kashi 17 cikin ɗari. Kafin nan, a 2020, Matthew Chersich na Afirka ta Kudu da tawagarsa sun tattara bincike 70 daga ƙasashe 27, suka gano cewa haɗarin haihuwar bakwaini yana ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari a duk ƙarin digiri ɗaya, da kashi 16 a ranakun da zafi ya yi ƙamari, haka ma haɗarin haihuwar jariri babu rai yana hawa tare da zafi. Da na karanta wannan sai fuskokin matan hararmu suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma abin da dare ke yi. A shekarun da ɗauke wuta ya yi yawa a Khartum, musamman bazarar 2021, fanka da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa sun zama kayan ado. Mata sukan zo awo da idanu jajaye, su ce rabonsu da barcin kirki tun makon jiya. Zafi da rashin barci da tunanin kuɗin ruwa duk hanya ɗaya suke bi a jiki: ƙwaƙwalwa ta aika saƙo zuwa ƙullutun da ke saman ƙoda, ya saki kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa idan ya shiga matsi. A jikin wanda ba shi da ciki, kotisol in ya yi yawa yakan koma ya kashe saƙon da ya tayar da shi. A jikin mai ciki kuwa akwai wata hikima dabam. Mabiyiya tana fitar da nata sinadarin da ke tayar da kotisol, shi kuma kotisol maimakon ya rage shi sai ya ƙara shi. Wannan hawa a hankali yana cikin abubuwan da ke ƙidaya wa ciki lokacinsa, har masana suna kiransa agogon mabiyiya. In matsi ya yi yawa, agogon yakan yi gaba. Mabiyiya tana da wani sinadari mai karya yawancin kotisol ɗin uwa kafin ya kai ga jariri, amma in ambaliyar ta yi yawa ba duka yake tarewa ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai mai shayi ce, uwar 'ya'ya huɗu, da ke zama a bakin hanya kusa da kasuwa. Duk lokacin da na ce ta riƙa shan ruwa sai ta yi murmushi ta ce to. Sai wata rana ta faɗa mini gaskiya. "Daya, in na sha ruwa ina zan zaga? Babu banɗakin mata a wurin, kuma in na tashi wa zai tsare mini kaya?" Saboda haka take ƙin sha, kuma take riƙe fitsari tun safe har yamma, ga gawayi a gabanta ga rana a kanta. A watan Yuni ta fara jin zafi in tana fitsari, ta sha jiƙe-jiƙe ta ci gaba da fita. Bayan kwanaki zazzaɓi ya rufe ta da sanyi mai kaɗa haƙora da ciwon kwiɓi. Da dare faya ta fashe, cikin bai kai wata bakwai ba. An haifi yarinya da rai, tafin ƙafarta bai fi babban yatsana ba. Ta kwana biyu ta koma. Masu ta'aziyya suka ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma ni na san hanyar da ajalin ya biyo, kuma hanya ce da banɗaki ɗaya da jarkar ruwa za su iya tsarewa.

A nan ne maganar garkuwar jiki ta shigo. Rabin halittar jariri daga uba take, don haka a wajen ƙwayoyin da ke tsaron jikin uwa baƙo ne. Da za su bi ɗabi'arsu da sun far masa. Abin da ke hana su shi ne wani sulhu da jiki ke ƙullawa tun farkon ciki, kuma sinadarin furojestaron, wanda mabiyiya ke fitarwa da yawa, yana cikin masu riƙe da shi: yana kwantar da naman mahaifa, yana kuma lallashin ƙwayoyin tsaro. In lokacin haihuwa ya yi, jiki da kansa yakan kunna irin kumburin nan da yake yi in ya ga cuta, shi ne ke tausasa bakin mahaifa ya raunana faya. Don haka duk abin da ya kunna wannan kumburi da wuri zai iya buɗe ƙofa da wuri.

Zafi yana kunna shi ta hanyoyi da dama. Idan jini ya koma fata, hanji yakan rasa rabonsa, bangonsa ya yi sako-sako, dafin ƙwayoyin cuta da ke zaune a ciki ya tsallaka jini ya tayar da masu tsaro. Ƙwayoyin jikin da zafi ya galabaitar sukan saki wasu sinadaran kariya waɗanda in sun fito fili suke zama ƙararrawar haɗari. Kotisol in ya daɗe a sama yana rage ƙarfin jiki wajen yaƙar cuta. Ga kuma mafitsara: ciki ya riga ya sassauta hanyoyin fitsari ya danne su, in ruwa ya yi kaɗan ba ya wanke su, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama su haura ƙoda. Abin da ya faru da mai shayin nan ke nan, daki-daki.

Da kharif, wato damina, ya shigo a Yuli da ruwan sama, sai zafi ya haɗu da laima da sauro. An yi wani bincike a Gambiya a shekarar 2000 da ya nuna sauron zazzaɓi yana zuwa wa mai ciki ninki biyu na wadda ba ta da ciki, saboda numfashinta ya fi yawa kuma fatar cikinta ta fi ɗumi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana maƙalewa a mabiyiya, ta jawo ƙarancin jini da ƙaramin jariri, musamman a cikin fari. Farfesa Ishag Adam da abokan aikinsa sun yi shekaru suna rubuta wannan daga asibitocin gabashin Sudan. Muna raba gidan sauro a wurin awo, amma mace takan ce mini, "Daya, in na shiga ciki numfashina ɗaukewa yake." Zafin ne ke fitar da ita daga kariyar. Shi kansa zazzaɓi zafi ne na ciki, kuma in jikin uwa ya wuce digiri 39 a makonnin farko, yana iya taɓa ginin ƙwaƙwalwa da lakar jariri.

Sai ranar Asabar, 15 ga Afrilu 2023, 24 ga watan azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Ya zo daidai bakin bazara. Wuta ta ɗauke, injinan rijiyoyin burtsatse suka tsaya, kuɗin gangar ruwa ya tashi, masu karo suka ji tsoron fitowa. Tsakar gidan da muke samun iska da dare ta zama wurin da harsashi ke faɗowa, sai muka koma cikin ɗakuna muka rufe tagogi. Babban asibitin haihuwa na Dayat, wanda tun 1957 yake karɓar matan Umdurman, ya daina aiki. Asibitin Nau da ke unguwar Saura yana cikin 'yan kaɗan da suka rage, amma tsakaninmu da shi akwai shingaye da bindigogi.

A waɗannan watanni na karɓi haihuwa da hasken waya. Na ga mata da yawa sun zo da ciki bai kai ba, nonon wasu ya ƙi zuwa, wasu jininsu ya hau har jijjiga. Ba zan iya raba wa kowa rabon laifinsa ba tsakanin tsoro da yunwa da ƙishirwa da zafi, domin a jiki duk mashigarsu ɗaya. Matasan unguwa da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da masu dafa abincin sadaka da ake kira takiyya sun yi abin da ba zan manta ba. Na roƙe su abu guda, suka kuma yi: duk gidan da ke da mai ciki a fara kai masa ruwa. Muka riƙa jiƙa buhunan algarara muna ratayawa a ƙofa iska ta ratso. Muka riƙa jiƙa garin kuka da tsamiya da zoɓo muna ba su. Ba magani ba ne na asibiti, amma ciki da yawa ya kai lokacinsa da wannan. Daga baya ni ma na bi sahun masu gudu zuwa wurin dangi a Gadarif. Ina can na ji sojoji sun karɓe Kasuwar Libiya a Maris 2025, na kuma ji yadda kwalara ta ɓarke a Umdurman a watan Mayu bayan an kai wa tashoshin wuta hari, ruwan famfo ya yanke a tsakiyar zafi.

Ina rubuta wannan da Hausa ne domin na san bazarar Sakkwato da Maraɗi da Kano da Katsina ba ta fi tamu sauƙi ba. Maris zuwa Mayu a can, rufin kwano ɗaya ne, ɗauke wuta ɗaya ne, mace mai ciki a gaban murhu ɗaya ce. Al'adunmu ma sun yi kama. A Sudan mata suna zama kan hayaƙin itacen ɗalha, a ƙasar Hausa ana wankan jego da tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da haɗuwar wannan zafi da kanwa, suka kuma lura abin ya fi yawa a lokacin zafi da laima. Iyayenmu sun yi waɗannan abubuwa ne da ƙauna, kuma ƙaunar ce za ta sa a sassauta su idan gari ya ɗauki zafi.

Ga abin da nake gaya wa kowane gida da na shiga. Mai ciki ta sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ta, ta kuma duba fitsarinta: in fari ne tas ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya, in ya yi ja, jiki yana kuka. Aikin wuta da daka da wanki a mayar da su sassafe ko bayan la'asar, tsakar rana ta zama ta kwanciya a inuwa ta ɓangaren hagu. A jiƙa mata mayafi, a zuba mata ruwa a ƙafa da wuya. In za a girka, a fito da murhu waje inda iska ke wucewa. A ɗaura gidan sauro a tsakar gida inda ba zai shaƙe ta ba. Idan ciki yana ƙullewa a kai a kai, ko ruwa ya zubo, ko jini, ko zazzaɓi, ko zafin fitsari, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko motsin jariri ya ragu, ba a jira gari ya waye.

Maganar azumi kuwa, mazhabar Malikiyya da muke bi a Sudan da ƙasar Hausa ta riga ta yanke: mai cikin da ke tsoron cutuwa ga kanta ko ɗanta tana da damar sha ta rama, in kuma tsoron halaka ne, shan ya zama wajibi. Yarinya mai cikin fari ba za ta iya faɗin wannan a gaban surukarta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai miji ya faɗa, sai liman ya faɗa a kan mumbari kafin wata ya kama, ba bayan an yi jana'iza ba.

Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan ciwo maganinsa yana hannun maza da masu mulki. Miji ne ke sayen gangar ruwa, shi ke yanke shawarar rufin ɗaki, shi zai iya dasa dogon yaro a ƙofar gida. Hukumar kasuwa ce za ta iya gina banɗakin mata da rumfa. Masu tsara asibiti ne za su iya sa wutar sola a ɗakin haihuwa, su kuma hana a jera masu awo a rana. Yanzu da mutanen Umbadda suke komawa suna ɗaga bangayen da suka rushe, ina roƙon a fara da rijiya da inuwa kafin komai, domin duniya ƙara ɗumi take, bazara mai zuwa ba za ta fi ta bara sauƙi ba. Mai ciki tana ɗauke da zafin mutum biyu. Gidan da ya san haka wajibinsa ne ya sauke mata aiki, ya cika mata randa, ya bar mata wurin da ya fi ko'ina sanyi, tun daga ranar da ta ce ta yi ɓatan wata.